Mai Kalanda Ya Rasu a Ranarmu

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma, da mai karatu da wanda bai yi ba. Ranar Talata, sha bakwai ga watan Oktoba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina kuma abokin faɗana, mai maɗaba'ar da ke kallon rumfata, wanda kowa ya sani da Mai Kalanda. Yana zaune a kujerarsa ta gefen inji, tabarau a goshi, mai kula da injin ya miƙa masa takarda ya ga bai karɓa ba. Babu jinya, babu sallama.

Ni ban yi makaranta ba, walda na iya. Wannan magana ni nake faɗa, 'yar ƙanena, ungozoma, take sa ta a takarda, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini baki. Duk inda aka ji kaushi, nawa ne.

Mai Kalanda, da kai nake. A safiyar nan ka tsallako titi da kalanda a hammata, kamar yadda ka saba duk shekara in wannan rana ta zagayo. Ka zauna a kan tsohuwar tayar nan, ka karanta mini layinmu, muka sha shayi, ka ce sukari ya yi kaɗan, na ce ka je gidanka ka sha. Ka yi dariya ka koma. Kofinka bai gama hucewa ba aka tsallako da labari. Na yi salati. Bayan salatin kuwa, Allah Ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne: duk kwanakin da ke cikin shekara, ka rasa wadda za ka tafi sai tamu? Na san ajali ba a zaɓar masa rana. Amma na san abin da zai biyo baya, kuma ya biyo.

Wanda bai san kalandarka ba ba zai gane ba, don haka bari in faɗa. Kowace rana tana da gidanta, kuma a ƙasan lambar akwai layi biyu na ƙananan haruffa. Na sama abin da ya faru a duniya a rana irin ta. Na ƙasa haihuwar wani ko rasuwar wani. Layi biyu, ba na uku. Ka ce in aka ƙara, gidan zai zama kasuwa. Ka ƙare ƙuruciyarka kana tono waɗannan abubuwa a tsofaffin jaridu da littattafan da ƙura ta cinye, har idonka ya raunana. Kullum da safe sai ka leƙo rumfata ka ce, “Mai walda, ka san me ya faru a rana irin ta yau?” In ce ban sani ba kuma bai dame ni ba. Sai ka ja kujera: yau aka ƙare wani yaƙi, yau wani jirgin ruwa ya nutse da mutanensa, yau aka haifi wani sarki da ya mutu a hannun bawansa. Kana cewa kowace rana sarakuna da yaƙe-yaƙe layi suke bi a ƙofarka suna roƙon wuri, kai ne mai gadi. Duk abin da na sani game da duniya daga bakinka na ji, ina riƙe da ƙarfe ina yi kamar ba na saurare.

To ga tamu ranar. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan. Wani babba ya zo buɗe sabuwar gada, aka rufe babban titi don motocinsa, aka karkatar da manyan motoci ta lungun kasuwa. Ƙanena direban tankar mai ne. Sannu-Sannu ake ce masa, don keke ma yana wuce shi a hanya. Ya roƙi masu tsaron hanya su bar shi ya jira a gefe har a gama, suka ce ya kauce musu da gani. Ya shiga lungun yana taka birki, yana takawa, har birkin baya ya ɗauki zafi, wuta ta kama taya. A tsakiyar kasuwa, rumfuna hagu da dama, mata da goyo. Mutane suna ihu ya diro. Ina cikin masu ihun, da muryata na kira shi. Ya dube ni ta gilashi, ya sa giya. Sau ɗaya a rayuwarsa Sannu-Sannu ya yi gudu. Ya fitar da ita har filin da ake fasa dutse, a can ta tashi da shi a ciki. Ko akuya ba ta ƙone a kasuwar nan ba.

Matarsa tana da tsohon ciki. Labari ya iske ta, naƙuda ta taso. Babu mota a unguwa, duk an tare su saboda babban baƙo. Kai ka watsar da takardun mutane daga bayan motar maɗaba'a, ka shimfiɗa rigarka, ka ɗauke ta ka bi ta bayan gari har asibiti. Kafin la'asar aka haifi wannan da take rubutun nan. Ba ka taɓa tuna mini wannan ba, ko a lokacin da nake zaginka.

Washegari rediyo da jarida suka cika da gada. A can ƙasa aka ce gangancin wani direba ya jawo gobara. Ganganci! Masu kasuwar da ya fitar wa wuta, da aka zo tambaya, kowa ya ce yana cikin rumfa bai gani ba. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun mutu, na je jana'izarsu don haƙƙin Musulunci, amma ban manta ba.

Da kalandar shekara ta gaba ta fito, na sa ka karanta mini gidan sha bakwai. Sama: an buɗe gada. Ƙasa: haihuwar wani mawaƙin ƙasar waje da bakina ba ya iya furta sunansa. Na ce ina ƙanena? Ka cire tabarau ka ce hukumar gari ce take sayen yawancin kalandar tana rabawa ofisoshi da makarantu, kuma jami'insu yana bin kowane shafi da jan biro kafin a buga. In ka sa tankar, za a tambayi wa ya rufe hanya. Ka ce akwai gidaje da suke ci a bayan injin nan. Na ce kai matsoraci ne, a gaban ma'aikatanka na faɗa. Har yau ban ce na yi kuskure ba, kuma ba zan ce ba don ka mutu.

Na daina amsa gaisuwarka. Shekaru. Kai kuma ba ka daina yi ba, kullum da safe, kamar mai gaida bango. A cikin wannan gaba ne ƙofar ƙarfen maɗaba'arka ta ɓalle daga maƙalinta na ƙasa. Ka aiko a ce in zo in liƙe ta, na ce a gaya maka mawaƙin ƙasar waje ya zo ya liƙe. Ka ɗaure ta da igiya. Masu walda sun cika gari, amma ka hana kowa taɓa ta, ka ce mai ita zai zo. Ko bayan mun shirya ba ka sake roƙo ba, ni ma ban tsallaka ba. Igiya ta tsinke ka sake wata. Taurin kai ba ni kaɗai Allah Ya ba ba.

Ranar da ɓarɓashin ƙarfe ya shiga idona na hagu, ina birgima a ƙasa, kafin 'ya'yana su ji kai ka riga ka cicciɓe ni. Ka zauna a gefen gadona a asibiti, idona a ɗaure, kana ba ni ruwa a baki, ni kuwa na kafe ban ce maka sannu ba. A nan ka sunkuyo ka ce, “Mai walda, ka yi shirunka, kunne kawai nake so. Na daɗe ina kallon hannun jami'in nan. Layin sama yake bi. Na ƙasa ba ya ko kallo, ya ce jarirai ba sa tayar da tarzoma.”

A ƙarshen shekarar ka tsallako da sabuwar kalanda, tawadarta ba ta gama bushewa ba. Ka kori mawaƙin. A wurinsa ka sa: “An haifi 'yar direban da ya fitar da tankar mai tana ci da wuta daga kasuwa.” Ka goya ƙanena a bayan jaririyarsa ka wuce da shi ta gaban jan biro. Ka karanta mini shi da murya ƙasa-ƙasa, don in an gane, maɗaba'arka ce za ta rufe. Ka kama babban yatsana ka ɗora a kan kalma guda, ka ce wannan ita ce “direba”, in lura da harafin farko, mai tulu a gaba da sanda a baya. Ita kaɗai na iya a duk rubutun duniya, kuma ko cikin dubu zan fitar da ita.

Jami'in ya yi ritaya, wasu suka zo suka tafi, layin yana nan. Malaman makaranta suka riƙa karanta wa yara, yara suka je gida suna tambaya wane direba. Masu kasuwar da suka ce ba su gani ba sai ga shi idonsu ya buɗe, har wani yana ba da labari a gabana cewa shi ne ya share masa hanya. Na bar shi da Allah. Abin da na sani, kalmar ganganci ta mutu a garin nan, kuma kai ka kashe ta da haruffan da sai an matso ake gani.

Yanzu ka gane abin da na hango tun ranar Talata. Tun a wurin zaman makoki na fara jin maganar. Wannan ya ce mutumin da ya sa kowa a kalanda dole a sa shi, wancan ya ce ai wajibi ne. Babu wanda ya dube ni. Layin sama na gada ne, ba a taɓa shi. Saura na ƙasa, kuma guda ɗaya ne. In ka shiga, ƙanena ya fita. Ga shi kalandar baɗi tana cikin kwamfutar babban ɗanka a shirye, hukuma tana jira, ƙarshen wata za a fitar da farantin ƙarfen da ake buga shafi da shi a ɗora a inji. Abin da ya hau faranti kuwa ya hau.

Na bari makoki ya lafa na sami ɗan naka a ofishinka. Ya miƙe ya ba ni kujera, yaro mai ladabi, kai ka haife shi. Na ƙi zama.

“Gidan sha bakwai,” na ce. “Me za ka yi da shi?”

“Baba, mahaifina ne.”

“Ni kuma ƙanena ne.”

“Kun fi shekara talatin da layin nan, Baba. Shi ko sau ɗaya bai taɓa sa kansa ba. In ban sa shi ba, da wane ido zan kalli mahaifiyata?”

“Da idon da za ka kalle ni kullum da safe. Rumfata ba ta tashi.”

Ya ce in ba shi lokaci. Na san wannan magana, ita ake gaya wa tsoho kafin a yi abin da aka ga dama.

Na ɗauko 'yar ƙanena daga wurin aikinta don ta tsaya mini, tunda haihuwarta ce a layin. A gaban ɗanka ta juya mini baya. Ta ce, “Baffa, a cire. Ni ba a taɓa tambayata ba. Tun ina makaranta, duk ranar haihuwata sai a karanta a aji, kowa ya waiwayo yana kallona da tausayi. Na karɓi haihuwar 'ya'yan mutane ba adadi, kowa ranarsa ta farin ciki ce, ni tawa ranar gobara ce a bangon kowane ofis. Wanda ya kai uwata asibiti ya cancanci wurin. A ba shi.” Ga ta nan tana rubutawa, ba ta ɗago kai ba. Na ce mata ta rubuta yadda ta faɗa, kuma ta rubuta cewa ya yi mini ciwo fiye da ƙarfen da ya shiga idona. Yarinyar da na raina a kafaɗata. Na fita ban yi wa kowa sallama ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban kunna wuta a rumfa ba. Ina zaune ina kallon ƙofarka mai igiya, ina ganin ɗanka yana shiga yana fita, ba ya kallon ɓangarena. Ni da kai nake faɗa a raina, Mai Kalanda. Ina cewa ka ba ni da hannun dama ka zo ka karɓe da mutuwarka. Ina kuma cewa in aka hana ka wurin, ni ne mutumin da ya tsaya tsakanin mamaci da ɗansa. Duk inda na juya ƙaya. Amma abu ɗaya na sani: in layin nan ya fita, nan da 'yan shekaru masu tunawa za su ƙare, ganganci ya dawo, ni kuma ba na nan balle in ƙaryata.

Mai kula da inji ya gaya mini ranar da za a kai aikin wurin faranti. Da sassafe na ja injin waldata na tsallaka titi da shi, na ja waya daga rumfata, na zauna a bakin ƙofarka. Na rantse in aka fito da aikin babu direba zan liƙe ƙofar nan da bango, su kira 'yan sanda su kwashe ni. Ma'aikata suka taru a gefe, babu mai matsowa. Masu shaguna suka fito. Wani ya ce tsohon nan ya taɓu, na ce ya matso in nuna masa. Na sa tabarau na walda a goshi, sandar walda a hannu.

Ɗanka ya iso. Ya dubi injin, ya dubi wayar, ya dube ni. Idonsa ja kamar bai runtsa ba. Ya raɓa ta gefena ya shiga, ya fito da takardar gwaji ta watan Oktoba, ya durƙusa ya shimfiɗa ta a kan gwiwata.

“Karanta,” na ce.

Ya karanta: “Rasuwar mai ɗab'in da ya fara buga labarin direban da ya fitar da tankar mai tana ci da wuta daga kasuwa.”

Ban yarda ba. Na bi layin da yatsa da idona mai kyau, haruffan sun ƙara ƙanƙancewa, har na iske ta, mai tulu a gaba da sanda a baya. Duk da haka ban yarda ba, baki yana iya ƙarawa. Na ɗauki takardar na taka har tashar mota, na tare wata mata da ban taɓa gani ba, na ce baiwar Allah karanta mini nan. Ta karanta, kalma ba ta sauya ba. Na dawo na same shi inda na bar shi.

“Sunan babanka fa? Ban ji shi ba.”

“Bai shiga ba, Baba. Na gwada ta kowace hanya. Ko sunansa, ko direban.”

“Jami'in fa?”

“Jiya ya sa hannu. Layin sama ya duba.”

Mai Kalanda, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kai ka goya ƙanena a bayan haihuwa, ɗanka ya goya shi a bayan mutuwarka, ya sauke wa yarinyar nan kayan da ta ɗauka tun ranar da ta zo duniya. Kuma ya biya da abin da ya fi so ya gani, sunanka. Mutumin da ya buga sunayen sarakunan da bai taɓa gani ba zai rataya a bangon kowane ofis ba suna. Na tambaye shi abin da mahaifiyarsa ta ce. Ya ce cewa ta yi, wanda ya san shi ba ya bukatar suna, wanda bai san shi ba ya tambaya.

Na miƙa masa takardarsa. Sai na ce wa ma'aikatan su daina kallona kamar ba su taɓa ganin mutum ba, su kwance igiyar nan su riƙe mini ƙofar daidai. Na sauke tabarau, na liƙe maƙalin. Kada wani ya ce neman afuwa na yi. Injin ne ya riga ya tsallako, kuma jan sa ba sauƙi.

Har yanzu ina da magana, kuma zan faɗa. Gadar nan tana layin sama, ƙanena yana ƙasa a goye, bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Waɗanda suka rufe hanya sun mutu da girmansu, ba wanda ya zo ya ce mana ku yi haƙuri. Wannan shari'a tana gaban Allah, kuma ni ban janye ba. Amma kai babu kai a cikinta. Na cire ka tun a gadon asibiti, ban dai gaya maka ba.

Allah Ya jiƙanka, Mai Kalanda. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka fiye da yadda ka haskaka sunan marayu. Yadda ka nema wa wanda aka zalunta wuri a gida mai ƙunci, Allah Ya yalwata maka naka makwancin, Ya sa aljanna ce makomarka, Ya haɗa ka da Sannu-Sannu ka karanta masa layinsa da bakinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, Allah Ya ba ta haƙuri da juriya. Ga babban ɗanka da ƙannensa maza da mata, Allah Ya yi musu albarka, Ya riƙa musu abin da ka bari. Ga ma'aikatan maɗaba'a da duk wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi kalandarka. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Ɗanka ya ce baɗi, in sha bakwai ga Oktoba ta zagayo, shi zai tsallako ya karanta mini. Na ce in ina raye ya zo, amma ya taho da sukarinsa. Kofinka kuwa na ajiye shi a kan shiryayye, ba wanda zai sha da shi.

Allah Ya jiƙanka da rahama. Amin.